Tabarau Daga Mutumin Can

Gadarif, farkon damina

Yaya Ubaidullah,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, mu dai lafiya lau, ina fata kai ma haka a Guangzhou ɗinku. Hajiya lafiyarta ƙalau in ban da gwiwa, ita kuwa gwiwar ta riga ta zama 'yar gida. Batoul, matar nan ta Khartoum da yaƙi ya koro muka ba ta ɗakin Baba, tana gaishe ka ko da yake ba ta san ka ba. Ruwa ya sauka, laka ta fara cin takalman mutane.

A takarda nake rubutawa, in shabakar intanet ta dawo in ɗauki hotonta in turo maka. Magana da kai ta waya ba ta yiwuwa, kafin in gama faɗa layi ya yanke. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san ba malamin da ya koya min boko, a jikin buhuna da cikin waya na tsince shi.

Saƙonka ya iso ta hannun Tijjani, ya taho da shi daga Bur Sudan cikin kayan shagonsa. Na ɗauka magani ne ka aiko wa mahaifiyarka. Na buɗe na tarar da tabarau. Tabarau mai ido a gefe, mai magana a kunne, da 'yar wuta fara da ke kamawa in kana ciki. Na yarda abin mamaki ne. Da na sa shi na ji muryarka a bayan kunnena sai da na waiwaya.

Kai ka ga farkon abin, ba ka ga ƙarshensa ba, don haka ga shi. Na shiga tsakar gida kamar yadda ka ce, na tsaya gaban Hajiya tana soya 'ya'yan bunna don jabana, kofinmu na safe. Na ce, "Hajiya, ga Yaya a cikin gilashin nan, yana ganinki." Ka ga yadda ta ja tobin da ta lulluɓa ta rufe fuska ta juya baya. Nan shabaka ta ɗauke. Bayan nan ta bar kaskon a kan wuta ta shige ɗaki, bunnar ta ƙone, Batoul ce ta sauke. Na bi ta bakin ƙofa na ce ya yanke, me zan gaya maka in ya dawo. Ta ce, "Ba ni da abin da zan ce." Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

A suƙ kuma, tsakiyar 'yan kasuwa, na zama abin kallo. Na je da shi wajen ɗinkin buhuna, wani ɗan dako ya tambaye ni ko jami'an tsaro nake yi wa aiki. A garin da ake yaƙi a maƙwabta ba a wasa da irin wannan tambaya. Na cire shi na sa a aljihu.

Ka gaya min abin da zan yi da shi. Ba ya maganin rana, ba ya ƙara gani.

Ƙaninka,
Ya'u

*

Guangzhou

Ya'u,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin jin lafiyarku. Ni ma lafiya, sai zafi da aiki. Ka gaida Batoul, Allah ya mayar da su gida lafiya. Maganin gwiwa yana hanya.

Kada ka raina tabarau ɗin. Lokacin da na shiga wannan kamfani, tabarau ɗin da muke gwadawa nauyinsa ya isa ya sa wa mutum ciwon kai, batirinsa yana zafi a gefen kunne, kowa ya gan ka ya san ka ɗora na'ura a fuska. Wanda ke hannunka ba a bambanta shi da na karatu. Aikina shi ne koya masa jin Larabci irin namu. Na gaba da muke aiki a kai yanzu zai riƙa rubutu a cikin gilashin, ya karanta wa makaho takarda, ya fassara maganar baƙo tun bai rufe baki ba. Ina matsa musu a kan Hausa. Manyanmu a nan suna cewa nan gaba waya za ta koma aljihu, komai ya dawo fuska.

Amma ba don wannan na aiko ba. Ka san Hajiya da waya: in an miƙa mata ta ce "lafiya lau" ta miƙa wa na kusa. Ba ta yarda a ɗauke ta hoto. Na yi tunanin in ba sai ta riƙe komai ba, kai ne kawai a gabanta kamar kullum, zan samu in ga fuskarta. Rabona da ita tun kafin yaƙi, har na fara kasa haɗa kamanninta a kaina.

Maganar da ta yi ta tsaya min a rai. Na san ni ɗan fari ne, na san ba ta kiran sunana, "mutumin can" take ce min tun ina yaro. Amma da, in na zo hutu daga Khartoum, tana zama a tsakar gida ina zaune, ta turo min abinci. Ba ta taɓa tashi ta bar min wuri ba. Ya'u, gaya min gaskiya: fushi take da ni saboda ban zo jana'izar Baba ba? Ka san takarduna ne suka riƙe ni.

Ka sake gwadawa. Ka dube ta sosai, kada ka riƙa juya kai, hoton yana rawa.

Yayanka,
Ubaidullah

*

Gadarif, tsakiyar damina

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Zazzaɓi ya kama Batoul ya sake ta. Katangar baya ta jiƙe ta zube, na tare da langa-langa. Wuta takan zo ta gaishe mu ta koma.

Ka ce in gaya maka gaskiya ko tana fushi. Ni ka tambaya? Ranar da Baba ya rasu ni na tsaya a rumfar makoki. Duk wanda ya shigo ya ɗaga hannu ya ce al-Fatiha, a gabana yake tsayawa, ni ɗan riƙo, don ɗan da ya haifa ba ya wurin. Hannuna ya gaji da ɗagawa. Kowa ya shafa sai ya ce, "Ina babban?" in ce yana Sin. Har wani tsoho ya tambaye ni ko Sin ɗin ta fi lahira nisa. Ni ma ban sani ba. In Hajiya ta yi fushi ba ta yi laifi ba. Ni dai na yi, kuma ban huce ba.

Na sake gwadawa, kai shaida ne. Ka ga bayan tobinta mai ruwan ƙasa, ka ga ƙofar ɗakinta, ka ga akuya. Ranar Juma'a ka ga ƙafarta tana shigewa. Na dube ta sosai yadda ka ce, ban juya kai ba, kamar mai ƙwace.

Batoul ta ga abin ta tafa hannu. Ta ce da Larabcinta, "Ya jama'a, uwa ta guji ɗanta? Ni da zan ga nawa a cikin gilashi da na haɗiye gilashin." Nata yana Masar. Ta shiga ta yi wa Hajiya magana, Hajiya ta ce mata ta duba wake a kan wuta.

Labarin na gaba mai rubutu a ido na ji. Madalla. Ku da kuke ƙera abin da zai fassara maganar baƙo, ga maganar uwarka guda ɗaya kun kasa.

Laka ta hana motoci shiga gonaki, suƙ ba aiki sosai. Ina zaune ina karanta takardar da ta zo cikin kwalin, wadda aka yi da Larabcin da ba Balaraben da ya taɓa yin irinsa.

Ya'u

*

Guangzhou

Ya'u,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya. Tun wasiƙarka ta tsakiyar damina ban sake jin ɗuriyarku ba. Na kira ba ya shiga, na tura saƙo bai isa ba. Na tambayi Tijjani ya ce yana Bur Sudan, bai sani ba. In shabaka ce to, in kuma kai ma ka daina yi min magana ne, ka faɗa.

Na karanta abin da ka rubuta har na haddace. Ka ce in ta yi fushi ba ta yi laifi ba. Na fahimta, ka ba ni amsa ke nan. Ba na iya cin abinci sosai. Mutumin da uwarsa ta juya wa baya, me yake ƙerawa a ƙasar mutane?

Ga abin da nake roƙo, sau ɗaya tak. 'Yar wutar nan da ke gefe, an sa ta ne don mutane su san ana ɗauka. In ka rufe ta gaba ɗaya na'urar za ta ƙi aiki, amma akwai yadda ake liƙa baƙin salatif a bar 'yar kafa, zan nuna maka. Ka ce mata a kashe yake. Ka zauna ku yi hirarku, ni ba zan yi magana ba. Ba zan adana komai ba. In ga fuskarta kawai, ko tana fushin.

Kada ka zage ni kafin ka yi tunani.

Ubaidullah

*

Gadarif, lokacin yankan riɗi

Yaya Ubaidullah,

Wa alaikumus salam. Muna raye. Ba gaba nake da kai ba, wayata ce ta faɗa cikin ruwa a bakin suƙ, sai da aka fara kawo riɗi na samu na gyara ta. Hajiya lafiya, maganin gwiwa ya iso, ta ce a yi wa wanda ya aiko godiya. Ka lura, "wanda ya aiko".

Na yi tunanin, yanzu ga zagin. Salatif? In zauna gaban matar da ta goya ni tun ranar da aka binne ƙanwarta, uwata, in yi mata ƙarya da fuskata, kai kana laɓe a bayan idona kamar ɓarawon kaji? Wannan kuka koya a kamfanin? Kun sa wuta don a san ana kallo, kuma kun san yadda ake rufe ta. Ba zan yi ba. Kada ka sake tambaya.

Kuma ko na yarda ba zai yi amfani ba. Bari in gaya maka abin da tabarau ɗinka ya jawo min.

Ka san yadda muke da Hajiya. Ni ne abokin faɗanta. "Ya'u ɗan banza, ina canjina?" "Ya'u, bakinka zai kashe ka." Tare muke cin kisra a kwano ɗaya, ta ture min nama tana zagina. To tun damina wannan ya ƙare. In na shigo ta gyara tobi. Abincina a rufe a bakin ƙofa. Na nuna mata wutar, na ce in ba ta kama ba ba ka ciki. Ta ce idonta ba ya ganin ƙananan abubuwa. Na cire shi na ajiye a ɗaki na fito da fuskata tsirara, duk da haka gefe take kallo. Ni ma na ɗauka fushin ne ya shafe ni, don ni na ɗauko ka na shigo da kai.

Sai ran nan ina kwance a rakuba, rumfar tsakar gida, na ji tana ce wa Batoul, "In yaron nan ya tashi ki ce ya ɗebo ruwa." Yaron nan. Ina nan kusa da ita, tana ganina. Na tsaya na lissafa, na ga rabon da in ji "Ya'u" a bakinta tun ranar da na fara sa abin nan.

Hajiya in ta yi fushi ba ta ɓoye suna. Kiran sunanka take da ƙarfi har maƙwabta su ji. Na fi kowa sani, na sha. Mutum ɗaya ne a duniya ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, take ajiye wa abinci a rufe. Ba fushi take da ni ba, Yaya. Kunyata take ji. Ta ɗauke ni ta sa a wurinka, don ba ta san lokacin da kake cikin fuskata da lokacin da ka fita ba.

Ka ce da tana zama kana zaune. Gaskiya ne, ina wurin. Amma ka tuna inda kake kallo? Ƙasa. Kana wasa da tsinke, kana magana da ni ko da Baba, ita tana magana da tukunya, kowa yana jin kowa. Tun da aka haife ka ba ka taɓa tsayawa gabanta ka zuba mata ido ba. Yanzu ka aiko ido wanda ba ya ƙiftawa, ka ce in dube ta sosai kada in juya kai. Ni kuma da wautata na yi. Wace uwa ce a cikinmu za ta zauna ɗan farinta ya ƙura mata ido haka? "Ba ni da abin da zan ce" kuwa, yaushe ta taɓa samun abin da za ta ce maka kai tsaye?

Maganata ta wancan karo, fushina ne na ba ka, ba nata ba. Nawa yana nan.

Ka gaya wa manyanku, kafin su mayar da komai fuska, su fara ƙera wanda ya iya sunkuyar da kai.

Ni dai ka ci ni da yawa. Kai ba ka samu ganinta ba, ni kuma na rasa ta.

Ya'u

*

Guangzhou

Ya'u,

Salam. Na gode. Na ji kunyar maganar salatif, ka manta da ita.

Na zauna na tuna, ƙasa nake kallo, haka ne. Na san tabarmar gidanmu fiye da fuskar uwata.

Ka mayar da shi cikin kwalinsa a gabanta, ta ga ka rufe. Ka ba Tijjani ya dawo da shi, ko ya sayar, duk ɗaya. Ka ce mata mutumin can ya fita daga gidan. Ina so ta dawo tana zaginka.

Ubaidullah

*

Gadarif, bayan kaka

Yaya,

Assalamu alaikum. Lafiya lau muke. Riɗi ya yi kyau bana, yatsuna duk sun fashe da ɗinki. Batoul ta fara ɗaure kaya, ta ji an ce unguwarsu ta lafa. Sanyi ya fara shigowa da safe.

Kai ka ga abin ta ciki, ni na gan shi ta waje. Ga rabina, ka haɗa da naka.

Na yi yadda ka ce. Na zauna a tsakar gida ina naɗe igiyar caji, na faɗa da ƙarfi cewa gobe Tijjani zai tafi da shi. Tana tsintar wake, ba ta ɗago ba. Can ta ce, ba ni take kallo ba, "Abin nan, wanda ya sa shi ana ganinsa?" Na ce a'a, abin da yake kallo kawai ake gani. Ta ce, "To." Ta ci gaba da wakenta.

Washegari bayan jabana na ɗauko kwalin zan fita. Ta ce, "Kawo in gwada, ko zan ga ramin allura." Na ce Hajiya ba ya ƙara gani. Ta ce, "Na tambaye ka?" Na ce to ki sani, in na kunna, mutumin can yana ciki, zai ga duk abin da kika gani, zai kuma ji ki. Na faɗa sau biyu, don kada a ce na yi salatif da baki. Ta ce, "Kai dai ka cika surutu." Ta miƙo hannu.

Shi ne na kira ka ba shiri. Na ji ka ce kana wurin aiki, na ce ka nemi lungu.

Ya yi mata yawa, yana zamewa a hanci, ta tare da yatsa. Ta zauna ta dubi hannuwanta tukuna, ciki da baya. Ta dubi murhu. Ta tashi da gwiwar nan tata ta zagaya gidan a hankali, tana magana da Batoul, wadda ba ta tambaye ta komai ba. "Wannan lemon marigayi ya dasa, bana ya fara 'ya'ya." "Nan katanga ta faɗi." "Wannan gadon angareb ɗin a kansa ya cika, da safe, bai wahala ba. Bai tafi da kowa a ransa ba, ya ce duk ya yafe, na kusa da na nesa." Batoul ta buɗe baki za ta ce ai ta sani, na harare ta.

Ban ji abin da ka ce mata a kunne ba, kuma ba na tambaya. Na dai ga ta tsaya cak a tsakiyar gida ta ce wa lemon, "Allah ya yi albarka."

Daga nan ta shiga ɗaki. Na leƙa ta taga, ba zan ɓoye ba. Ta tsaya gaban madubin dolab ɗin kayanta, wanda rabonta da shi tun takaba. Ta ce, "Ɗankwalin nan ya karkace." Bai karkace ba. Ta kwance shi ta ɗaura, ta sake kwancewa ta ɗaura. Ta gyara tobi a kafaɗa. Ta juya gefen dama, ta juya hagu. Kanta take kallo, ba wanda zai ce ta dubi wani. Ta daɗe, har shabaka ta gaji ta ɗauke, wutar ta mutu. Ita da ba ta ganin ƙananan abubuwa, a take ta cire shi.

Ta fito tana riƙe da shi da yatsa biyu kamar mataccen ɓera. Ta ce, "Ya'u! Kai ɗan banza, zo ka karɓi tarkacenku, ko allurar ban gani ba." Har maƙwabta sun ji. Ta dube ni tsakiyar ido ta ce na rame, na yi baƙi, bakina ne kawai bai rame ba. Da rana muka ci a kwano ɗaya.

Ban ba Tijjani ba. Ta ce a ajiye a dolab ɗinta, wai kada yara su ɓata, gidan da ba yaro ko ɗaya. Ni ba zan ƙara sa shi ba, fuskata tawa ce. In kana so, ranar Juma'a bayan jabana ka zauna kusa da waya, wataƙila a sake neman ramin allura.

Ta ba ni saƙo. Ta ce in gaya wa mutumin can muryarsa ta toshe, yana ta jan hanci, mura ce ta kama shi, ya dafa citta ya sha. Na ce mata to.

Ka sha cittar.

Ƙaninka,
Ya'u